Yadda ake shiga kangon tsohon gidan silima a Damagaram a fito lafiya

Ranar da na fara shiga kangon gidan silima, ta katanga na haura, ni kaɗai, da silifa a ƙafa da kyamara a wuya. Ban yi minti goma a ciki ba na ji wata mata a maƙwabta tana ƙwala "ɓarawo!" Kafin in lalubo hanyar fita samari sun cika bakin ƙofa. Allah ya sa ɗaya daga cikinsu ya gane ni, don ni na ɗauki hotunan bikin yayarsa. Duk da haka sai da muka dangana da zauren mai unguwa, na durƙusa ina ba da haƙuri, ya dube ni ya ce, "Ɗana, gidan da kake gani babu mai shi, magada goma sha ne a kansa." Tun daga ranar na shiga wannan kangon ya fi a ƙirga, na shiga wasu a garuruwan da aikin hoto ya kai ni, ban sake bin katanga ba.

Kayan da za ka tanada

Takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa shi ne na farko, irin na sojoji ko na masu aikin gini. Idan babu, kambas da safa biyu, amma silifa da takalmin fata na salla a bar su a gida. Dogon wando mai kauri, da riga mai dogon hannu wadda ba ta jan ƙasa; babbar riga ƙusa take nema. Hular kwano ta masu babur ta wadatar idan ba ka da ta magina.

Tocila biyu, ko da rana tsaka ce, kuma kada ka lissafa fitilar salularka a ciki, don cajinta na kira ne da hoto. Sanda mai ƙwari wadda ta kai ƙirjinka, gora ta fi. Takunkumin hanci mai lamba FFP2 ko N95, ana samu a manyan shagunan magani. Safar hannu ta fata ko ta roba mai kauri. Ruwa lita uku ga kowane mutum, rabinsa ma ba don sha ba ne, za ka ga amfaninsa a gaba. Sai littafi da biro, da alli, da tef na awo, da ɗan ƙunshin auduga da bandeji da maganin wanke ciwo. Katin ɗan ƙasa a aljihu. Goro, da jika ɗaya ko biyu na mai gadi.

Abin da ba a zuwa da shi: ashana, taba, guduma, da jirgin nan maras matuƙi na ɗaukar hoto. Yadda lamarin tsaro yake yanzu, ka tashe shi a tsakiyar gari sai ka kwana kana bayani a komisariya.

Idan ka daɗe ba a yi maka allurar tetanus ba, je likita tun kafin ranar. Kango gidan tsatsa ne.

1. Nemo mai shi

Fara daga mai shayi ko telan da ya fi daɗewa a layin, su za su nuna maka mai gadi ko wanda makulli yake hannunsa. Daga nan sai zauren mai unguwa, da goronka. Faɗi gaskiyarka a taƙaice: "Ranka ya daɗe, ni ɗan gidan wane ne, hoto nake ɗauka na tsofaffin gine-ginen garin nan, ina neman izinin ganin cikin silima. Ba saye na zo ba, ba kuma wata hukuma ce ta aiko ni ba." Wannan jimlar ta ƙarshe kada ka manta da ita. Filin silima babba ne, a tsakiyar gari yake, kuma sau da yawa akwai rigimar gado a kansa. Mutum ya gan ka da tef kana awo, abin da zai fara zuwa masa shi ne wani cikin 'yan uwa ya kawo dillali a ɓoye.

Idan ginin ya koma hannun hukuma, ofishin magajin gari za ka kai takarda, ka riƙe kofi mai hatimi a aljihu. Kada ka sa rana a Alhamis, ranar babbar kasuwa ce, waɗanda kake nema duk suna can. In an ce a'a, a'a ce. Ɗauki hoton gaban ginin daga titi, ka sake komawa bayan wata biyu da wanda suke jin nauyinsa.

2. Nemo tsohon da ya san ciki

Nan ne rabin aikin yake, mutane kuma suna tsallake shi. A kowace unguwar da aka taɓa yin silima akwai wanda ya sayar da tikiti, ko ya tsaya a ƙofa, ko ya sayar da gyaɗa da rake a bakin layi. In ka yi sa'a, ka samu wanda ya harba fim ɗin da hannunsa. Shi ya san inda tsohuwar salanga take, ya san matakalar da ta tsage tun ana aiki. Idan babu irinsu da rai, tafi da magini mai shekaru. Ku zama uku: kai, da tsohon, da wanda zai zauna a bakin ƙofa da salula, ya san ƙarfe nawa za ku fito. Lambar 'yan sanda 17 ce, ta masu kashe gobara 18.

3. Zaɓi lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina katangar ƙasa ta sha ruwa, tana iya zubowa ba sallama, ciyawa kuma ta rufe ramuka da macizai. Da bazara, zafin da ya haura 40 a waje ya fi haka a ɗakin da kwano ya rufe. Ku shiga ƙarfe bakwai na safe ku fito kafin goma. Ranar da hazo ya yi kauri hoto ba ya kyau, a ɗaga.

Da magariba ko da dare kada ka yarda, ko don mutanen unguwa. Za a ce maka wurin yana da iskoki, ana jin tafi da dariya cikin dare. Ni dai mujiya na tarar da jemagu, amma ban taɓa yi wa kowa gardama ba, kuma da bismilla nake sa ƙafa.

4. Zagaya waje kafin ka shiga

Yi zagaye guda cikakke a hankali. Abin dubawa: katangar da ta karkata, tsagar da ta fi faɗi a sama ko wadda kake hango haske ta cikinta, gindin bango da ruwa ya cinye, indararon da ya karye ruwa yana bin jikin gini. Duk ɓangaren da ka ga haka, ja masa layi da alli a ƙasa, idan kun shiga ku nisance shi fiye da tsayin bangon, don in zai faɗi ɓaraguzansa suna iya wuce nan.

Ɗaga kai ka bi wayoyi da ido. An yanke wa gini wuta tun shekaru ba ya nufin wayar cikinsa ta mutu. Wani maƙwabci yana iya jan tasa ta kan wannan katangar. Ɗauka kowace waya da rai take.

5. Sallama, sannan fili

Yi sallama da ƙarfi sau uku ko da mai gadi ya ce ba kowa. Na taɓa tarar da almajirai suna barci, na tarar da mai taɓin hankali da ya mai da ɗakin tikiti gidansa, na tarar da samarin da ba su so a ga abin da suke sha. Kowanne ka samu, gaishe shi, kada ka ɗaga kyamara. In fuska ba ta sake ba, ku juya, gobe ma rana ce.

Yawancin silimun ƙasar nan a sarari suke, sama ce rufinsu, shi ya sa sai duhu ya yi ake fara fim. Tsarin kusan ɗaya ne: ƙofa da 'yar tagar tikiti, fili mai ɗan gangara, dakalan siminti a gaba na masu ƙaramin kuɗi, kujerun ƙarfe a baya ƙarƙashin rumfar kwano na manya, dogon farin bango a can ƙarshe wanda shi ne allon, sai ɗakin majigi a ɗage a bayan kowa.

Sandarka ce gaba, ƙafarka baya. Daki ƙasa kafin ka taka. Babban haɗarin filin ba bango ba ne, tsohuwar salanga ce da ramin ruwan wanka waɗanda rairayi ya rufe, murfinsu ya ruɓe. Galibi suna kusurwa, gefen allo. Inda ka ji ƙasa tana amsa sanda kamar ganga, ko ka ga ta ɗan lotsa, ko ciyawar wurin ta fi ta ko'ina kore, kewaye shi da alli.

Kada ka sa hannu inda idonka bai gani ba. Ƙarƙashin dakali da tarin kwano nan ne mazaunin kunama da kububuwa. Juya abu da sanda, ka sa ya buɗe ta can gefe, ba ta wajen ƙafarka ba. In tsautsayi ya faɗa maciji ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa babban asibiti nan take. Saran kububuwa yana yaudara: mutum ya ga kamar da sauƙi, alhali jininsa ya daina daskarewa. Idan gamsheƙa ce ta yi tofi a ido, ruwan nan da na ce a ƙara shi za a yi ta kwararawa ba ƙaƙƙautawa, sannan asibiti.

Kafin ka matsa jikin allo, tsaya shiru ka saurara. Ramukan da ake ajiye lasifika zuma tana son su, rina kuma tana son ƙarƙashin rumfa. Ka ji gunji, ja da baya a hankali, ban da kaɗa hannu.

6. Matakala da ɗakin majigi

Wannan ɗakin shi ne abin da ka zo gani, shi ne kuma ya fi cutarwa, don haka a nan za mu daɗe.

Tun daga ƙasa leƙa ƙarƙashin matakalar. Idan siminti ya ɓare, rodi ya fito ya yi tsatsa har yana ɓarewa kamar ɓawon itace, ba ta hawuwa. Idan azara ce ta riƙe daɓen, ƙwanƙwasa ta da sanda. Giginya mai lafiya ƙara take yi tsaf. Wadda gara ta ci sai ka ji "buf", wani lokaci gari ya zubo. Matakalar da ta ci jarrabawa, a hau ɗaya bayan ɗaya, ta jikin bango, kada a jingina da ƙarfen riƙo. Wadda ta faɗi jarrabawar, haƙura: ɗaura salula a kan gora, sa ta ɗaukar bidiyo, ka miƙa ta taga daga inda kake tsaye. Tsanin aro a jingine da ruɓaɓɓen bango ba dabara ba ce. Kan rufi kuwa ba a hawa sam.

Sa takunkumi kafin a buɗe ƙofa. Buɗe ta, koma gefe, ba jemagu hanya, ka bar ɗakin ya sha iska kamar minti goma. Kashin jemage da na tantabara idan ya bushe ya zama ƙura yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke kama huhu. Yayyafa ruwa a inda za ka taka, kada ka share. Wanda bai samu takunkumin kirki ba, rawani kawai ya naɗe, to ya tsaya daga bakin ƙofa ya haska.

A bangon da ke kallon allo za ka ga ƙananan tagogi. Tsohon da na fi zuwa da shi, ranar farko bai ce komai ba, sai ya wuce kai tsaye ya sa ido a ɗaya daga ciki, hannunsa na dama yana lalube a iska inda makunni yake a da. Na ce, "Baba, me kake nema?" Ya ce, "Ɗigo nake jira." Ga abin da yake nufi. Majigi biyu ake girkawa, kowanne da tagar da haske ke fita da wadda mai aiki ke leƙe. Fim mai faɗin milimita 35 yana gudu hoto 24 a daƙiƙa, wato wajen mita 27 a minti, don haka faifai mai mita 600 minti ashirin da 'yan kai yake yi. Fim ɗin Indiya na awa uku faifai takwas ne ko tara. Idan faifai ya kusa ƙarewa, wani ɗigo yana bayyana a kusurwar sama ta dama, sai a tayar da injin na biyu. Bayan kamar daƙiƙa bakwai ɗigo na biyu ya fito, a juya haske. In mai aiki ya yi gyangyaɗi allo ya yi fari, abin da zai ji daga ƙasa ba ya faɗuwa a nan.

Duba ƙasa za ka ga kusoshin da suka riƙe injinan, ko da an sayar da su. Duba sama za ka ga bututun hayaƙi, saboda tsofaffin majigai ba ƙwai suke amfani da shi ba: sandunan gawayi biyu ne wuta ke tsalle a tsakaninsu, suna ƙonewa ana matso da su. Guntayensu suna nan cikin ƙura, kamar baƙin fensir, wasu da rigar jan ƙarfe. Dogon tebur a gefe kuma na mayar da faifai baya ne da liƙe inda ya tsinke.

Abu uku ba a taɓa su. Na ɗaya, farin abu mai kama da auduga ko igiya da aka naɗe wayoyi da bututu da shi, da fallayen rufi na siminti: asbesto ne sau da yawa, ƙurarsa tana zama a huhu ta yi ɓarna bayan shekaru. Na biyu, dogon ƙwan gilashi mai kumburi a tsakiya da ke cikin injinan baya-bayan nan. Iska ce a matse a cikinsa, yana fashewa ko a sanyaye. Na uku shi ne gwangwanayen fim.

Fim ɗin da aka yi kafin wajen 1951 na naitiret ne. Yana kamawa kamar fetur, ruwa ba ya kashe shi, hayaƙinsa guba ne, wanda ya lalace kuma zafin bazararmu kaɗai yana iya tayar da shi. Na bayansa ba ya wannan wutar, amma idan ya ruɓe warin binega yake yi, mai hawa kai. A gefen fim ɗin ana rubuta NITRATE ko SAFETY da ƙananan baƙaƙe, kana iya karantawa a guntun da ka samu a ƙasa idan ka ɗaga shi a haske da safar hannu. Gwangwanin da yake rufe, ko ya kumbura, ko yake zubar da jan gari, bar shi yadda yake. Ɗauki hoton takardar da ke jikinsa kawai. In ka ga sunan COMACICO ko SECMA, ka samu abin tarihi: su ne kamfanoni biyu da suka riƙe rabon fina-finai a ƙasashen renon Faransa har zuwa farkon shekarun 1970. Gaya wa mai ginin, ka ba shi shawara a sanar da ma'aikatar al'adu ta jiha ko cibiyar silima ta ƙasa, CNCN, da ke Yamai.

Komai ƙanƙantar abu, ko yagaggen tikiti ne, ba naka ba ne. Kana so, roƙa.

7. Awo da hoto

Zana fasalin wurin a littafi tun kana ciki. Auna faɗin allo, da nisan da ke tsakaninsa da ɗakin majigi. Babu tef? Auna takunka a gida ka san tsawonsa, ka ƙirga. Yawan 'yan kallo kuma, ƙirga layukan dakali, ka ba kowane mutum rabin mita. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Hoto daga nesa ake farawa: kusurwa huɗu, sannan daga ɗakin majigi zuwa allo, sannan daga allo zuwa baya. Ƙananan abubuwa a ajiye musu dala ashirin a gefe don a gane girmansu. Rubutun da ya dushe a bango, kamar farashin tikiti a saman taga, kada ka haska shi gaba da gaba. Kwantar da tocila a jikin bangon hasken ya bi ta gefe, za ka ga baƙaƙen sun taso.

8. Zauna da tsohon

A nan cikin filin, a inuwa, ba sai kun koma gida ba. Wurin ne yake buɗe masa baki. Nemi izini kafin ka kunna rikoda, ka tambaye shi ko yana son a ambaci sunansa. Da yawa yanzu alhazai ne masu jikoki, wani ma yana jan salla a masallacin unguwa, ba ya son a tuna masa a bainar jama'a.

Kada ka fara da "wace shekara aka gina?" Zai ce ya manta, hira ta mutu. Tambaye shi inda yake tsayawa, me ake sayarwa a ƙofa, wane fim ne ya sa aka karya layi, na Indiya ko na kaboyi ko na 'yan Sin masu faɗa, yaya ake yi idan hadari ya taso ana tsakiyar kallo. Shekaru kuwa da zamani ake kamo su: lokacin Jori Hamani ne, wato 1960 zuwa 1974, ko na Seyni Kunce, 1974 zuwa 1987? Kafin yunwar 1984 ko bayanta? Kan rufewa, tambaye shi ko kafin karyewar darajar sefa ne a Janairun 1994. Daga nan kuɗin hayar fim daga waje ya ninka, ga bidiyo ya shiga gidaje, ga kaset-kaset na Kano sun fara cika gari da fina-finan Hausa. Abin da ya faɗa rubuta shi a matsayin faɗarsa, ka nemi mutum na biyu ka gwada.

9. Fita

Ƙirga mutanenka da kayanka, rufe duk ƙofar da ka buɗe, mai da makulli hannun da ya ba ka, ka sallami mai gadi. Kakkaɓe tufafi a waje da takunkumi a fuska, a wanke su daban da na yara, ka yi wanka kafin ka ci abinci. Idan zazzaɓi da tari suka taso cikin mako biyu zuwa uku, gaya wa likita ka shiga ɗakin jemagu, kada a tsaya kan maganin sauro kawai.

Hotuna a ajiye su wuri biyu a daren. Wajen sawa a Facebook kuma a yi hattara: hoton injin ko na tarin ƙarfe, tare da kwatancen ƙofar da ba ta kulluwa, gayyata ce ga masu sayen tsohon ƙarfe. Na taɓa sa hoton wasu kujeru, da na koma bayan wata guda sai ramukan kusoshinsu na tarar. Tun daga nan sai na nuna wa mai ginin kafin in saki kowane hoto.

Cikin makon ka wanke guda biyar ko shida a takarda, manya. Kai wa mai unguwa ɗaya, magada biyu, sauran na tsohon ne, har da wanda ka ɗauke shi yana leƙe ta tagarsa. Ka tafi da littafinka, don in ya riƙe hoton zai tuno abin da bai faɗa maka ba ranar farko.